Kalma Biyun Mainassara

"Ka ce la'ilaha illallahu," in ji Sharifu, ya sunkuya har gemunsa na taɓa matashin kai.

Mainassara ya tattaro ƙarfinsa, jijiyar wuya ta miƙe, leɓe ya karkace. "Masu... gida."

Matarsa Shatu ta juya baya, ta kama gyara murfin kwanon kunun da yake a rufe.

Tun ranar da hawan jini ya kayar da Mainassara a tashar Magarya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi ta bar masa kalma biyu rak. In ruwa yake so, masu gida. In kwanciya ta ci masa baya, masu gida. Kuma fa ba hankali ne ya gushe ba. Mutumin yana nan sarai cikin idanun, yana leƙowa kamar wanda aka kulle a ɗaki aka tafi da makulli.

Da farko unguwa dariya ta yi, don kowa ya san inda kalmar ta fito. "Sai masu gida" kirarin Kano Pillars ne, shi kuwa Mainassara ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan mota tsakanin Magarya da Kano, kuma in ƙungiyar na da wasa, ko fasinja zai yi birgima ba zai juyo ba sai an tashi. Katanga ɗaya ta raba shi da Sharifu, tela ne da bai taɓa shurin ƙwallo ba, amma maƙwabtaka ta sa ya haddace tarihin tilas: kofin farko a 2008, fitar da Al Ahly ta Masar a shekarar da ta biyo, kofi uku a jere, da shekarun da baƙo bai isa ya yi nasara a filinsu ba. Da ƙungiyar ta faɗa rukunin ƙasa, Mainassara ya yi fushi da tuwo. Da ta dawo a daminar nan, ya rantse wasan farko da shi za a yi. Sai aka rufe iyakar ƙasa, hanyar Kano ta toshe, sai ga ciwo.

Yanzu ba mai dariya. An dawo da shi daga asibitin Damagaram, an ce a yi ta addu'a. Abin da ya tsaya wa Sharifu a rai guda ne: kada abokinsa ya cika da kirarin 'yan ƙwallo a baki. Tsoro yake ji ƙwarai, shi ya sa kullum bayan la'asar yake rufe keken ɗinki ya shigo.

"Sake gwadawa. La'ilaha..."

"Malam Sharifu," in ji Shatu, muryarta ƙasa ƙasa, "don Allah ka bar shi haka. In ka fita kuka yake yi. Wallahi yana son ya faɗa, bakin ne ya ƙiya."

Kunya ta kama Sharifu. Ashe kullum azaba yake kawowa. Ya zauna a bakin katifa. Yayyafi ya fara buga kwanon rufi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta labule.

"To, shi ke nan," ya ce, "mu koma kan ƙwallon naka. Shekarar da Misirawan nan suka zo da cika baki, wa ya kore su?"

Idon Mainassara ya juyo. "Masu gida."

Tsaf ta fito, ba gargada. Tun da ya kwanta, yau ne aka yi masa tambayar da amsarta ke bakinsa.

"Kofi uku a jere, wa ya ɗauka?"

"Masu gida."

"Aka ce sun faɗi ba za su tashi ba. Wa ya dawo?"

"Masu gida!" Rabin fuskar da ke motsi ya yi murmushi. Shatu ta yi dariya, hawaye na zuba.

Sharifu ya dubi hannun hagun da ke kwance kan zane, mai sauran rai. Ya matso, ya sassauta murya.

"Mainassara, kada ka buɗe baki. Allah nawa ne?"

Leɓen ya motsa, ya tsaya. A hankali yatsun hannun suka dunƙule, manuniya ta miƙe ita kaɗai. Sharifu ya karanta shahada har ƙarshe, Mainassara na bin sa da ido, yatsar ba ta sauka ba.

Mainassara bai kai magariba ba.

Sharifu ya shafe masa idanu, ya ja zane ya lulluɓe shi. Hannun hagun ya rage a waje, manuniyar a miƙe. Shatu ta kai hannu za ta rufe.

"Bar shi tukuna," ya ce, "sai liman ya shigo ya gani."