Shuɗin Tahiru Mai Fenti

A kan farin fenti Tahiru ya fara zargin ƙanin matarsa.

Da safe ne, a masaukin baƙi na Alhaji Tijani da ke bakin hanyar Assekrem. Tahiru ya ɓalle murfin sabon gwangwani ya leƙa, sai ya ga abin da ke ciki bai yi fari tas ba, ya yi wani dishi-dishi kamar nonon da ya kwana a ƙwarya. Ya tsoma tsinke ya juya, ya ɗaga a hasken taga.

"Khamisu, ina ka sayo wannan?"

"Inda muka saba, Yaya. Wurin Balaraben nan na bayan kasuwa."

"An buɗe shi a hanya?"

"Wa zai buɗe shi? Ga murfi nan, kai ka ɓalle da hannunka."

Tahiru ya riƙe abin a ransa.

Mutumin Damagaram ne, ya zo Tamanrasat tun yana saurayi, ya fara da zanen jikin manyan motoci, daga baya ya koma allunan shaguna da bangon gidajen abinci. Yanzu gemunsa ya yi furfura, kuma duk Bahaushen da ke unguwar Tahaggart, in yana son allo, ƙofarsa yake bugawa. Khamisu kuwa ƙanin matarsa Gwamma ne, magidanci mai 'ya'ya. Ɗaukar bulo yake yi a shantiye, wurin gine-gine, har bayansa ya gaza, Tahiru ya ja shi jikinsa ya koya masa sana'a. Shi ya nuna masa cewa launi uku ne iyaye: ja, shuɗi da masara, wato rawaya. Shuɗi da masara su haifi tsanwa, ja da masara su haifi ruwan goro, ja da shuɗi su haifi shunayya. Shi ya koya masa cewa kowane launi yana da abokin gaba: in ka jera shuɗi da ruwan goro gefe da gefe, kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa haske, in ka zuba su a gwangwani ɗaya, su kashe juna su koma toka.

Aikin Alhaji Tijani babba ne. Buzu ne ɗan asalin Agadas, mai kai baƙi yawon duwatsu a kat-kat, motocin nan masu ratsa yashi, kuma yana son a zana masa duwatsun Assekrem da fitowar rana a dogon bangon ɗakin cin abinci. Sai da ya ɗauki Tahiru a mota ya kai shi can sama ya gani da idonsa. Tahiru ya dawo da tsarin a kansa: duwatsun kusa su yi ja-ja da ɗumi, na tsakiya su huce, na nesa su narke cikin shuɗi mai sanyi, don mai kallo ya ji kamar bangon ya buɗe ya yi nisa.

Sai dai shuɗin ya ƙi ba shi haɗin kai. Gwangwanin da Khamisu ya kawo, a idon Tahiru, ba shi da ƙarfi ko kaɗan, kamar an tsinka shi da ruwa. Ya zuba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, kafin dutsen nesa ya yi yadda yake so. Yana aikin yana satar kallon Khamisu, shi kuma Khamisu ya sunkuyar da kai yana wankin buroshi, wankin da ya fi ƙarfin dattin da ke jiki.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, in ya tashi da yamma ya bar bango yadda ya gamsu, washegari sai ya tarar launin ya koma baya, ya mutu. Da fari ya ce bushewa ce. Amma shekarunsa nawa yana ganin fenti na bushewa? Ya san iyakar abin da bushewa ke ci. Wata safiya ya ɗora yatsa a ƙasan wani dutse, ya ji danshi, alhali tun jiya da azahar ya bar wurin.

Ya fara ɗaure murfin gwangwaninsa da zare, ƙulli irin nasa. Ya tarar an kwance an sake ɗaurawa, ƙullin ya juya hagu.

A gida ya gwada Gwamma. Tana tankaɗen gari a tsakar gida, ya zauna bakin ƙofa yana cire takalmi.

"Ƙanin nan naki, ya taɓa ce miki yana son ya buɗe nasa wurin?"

Hannunta ya tsaya a kan rariya, sannan ya ci gaba.

"Bai ce ba, Malam. Wani abu ya faru?"

"Tambaya na yi."

"Ka tambaye shi mana. Ai tare kuke wuni."

Ba ta ɗago ta dube shi ba, kuma Gwamma ba mai kawar da ido ba ce. Ya lura da wannan. Ya kuma tuna kwanan baya ya shigo ya same su su biyu suna magana ƙasa-ƙasa a bakin murhu, suna ganinsa suka koma zancen tsadar tumatir.

Alhaji Tijani ma ya canza. Da, in ya shigo, wurin Tahiru yake nufa da ƙaramin kofin shayi, su tsaya gaban bango yana nuna masa sunayen duwatsu. Yanzu sai ya gaishe shi a tsaye, ya dubi bangon, ya gyara rawaninsa, ya ce, "Madalla, madalla," sannan ya yafito Khamisu waje wai zai nuna masa wata ƙofa da ke son shafe. Ƙofar nan ba a taɓa shafe ta ba.

Tahiru ya haɗa wannan da wancan, abin ya fito masa sarai. Khamisu yana lalata masa fenti, yana bin bayansa yana kashe masa aiki, don Alhaji ya ce hannun tsoho ya gaji, a ba yaro. In aikin nan ya koma sunan Khamisu, duk masu masaukin garin za su bi. Ita kuma Gwamma ta sani, ta zaɓi jininta. Ya kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. Yana tuna ranar da ya riƙe hannun Khamisu yana nuna masa yadda ake jan layi madaidaici ba tare da numfashi ya girgiza buroshi ba.

Ranar Alhamis bayan azahar ya ce zai je kasuwa neman man tsinka fenti, ba zai dawo ba sai la'asar. Ya fita ta babbar ƙofa, ya zagaya bayan masaukin inda ake ajiye motoci, ya tsaya jikin tagar kicin da ke kallon ɗakin.

Bai daɗe ba. Khamisu ya leƙa waje, ya dawo, ya durƙusa gaban gwangwanin shuɗin da Tahiru ya haɗa da safe. Ya kwance zaren. Ya zaro wani ƙaramin gwangwani daga aljihun rigarsa, ya ɗiga abin da ke ciki, ya juya, ya gwada a bayan hannunsa, ya ƙara ɗigawa. Ruwan goro ne. Abokin gaban shuɗi, wanda shi Tahiru ya koya masa.

Tahiru ya shigo ta kicin, bai yi sallama ba.

"Ci gaba. Kada ka tsaya don ni."

Khamisu ya miƙe, ƙaramin gwangwanin a hannunsa.

"Yaya, ka zauna in yi maka bayani."

"Tun yaushe?"

"Ka zauna tukuna."

"Da ilimin da na ba ka kake yanka ni, Khamisu? Me na hana ka? In wurinka kake so, da ka faɗa, ni da kaina zan rubuta maka allo."

"Wallahi ba haka ba ne. Shuɗin ne ya yi yawa. Alhaji ya ce duwatsun sun zama kamar an tsoma su a marina. Ya ce zai kira wani ya shafe bangon gaba ɗaya, na roƙe shi ya bar ni in riƙa sassautawa."

"Shuɗin ya yi yawa," in ji Tahiru a hankali. "Shuɗin da ka tsinka da ruwa."

Ya kai hannu ya fizge gwangwanin. Khamisu bai sake da wuri ba, fentin ya fantsamo ya sami Tahiru a fuska, gefen dama. Ya runtse idon, ya dafe shi da tafin hannu, ya juya yana neman tsumma. A wannan juyin ne ya dubi bangon da idon hagu shi kaɗai.

Ya tsaya.

Ɓangaren da ya shafa da safe, wanda Khamisu bai kai ga taɓawa ba, yana ci kamar sabon rini. Shuɗi ne mai ihu, ya danne jan duwatsun kusa, ya taso gaba maimakon ya ja baya. Gefensa kuma, inda ya ɗauka an kashe masa aiki, duwatsun suna kwance cikin sanyinsu, suna nisa yadda ya gan su a Assekrem. Ya dubi gwangwanin farin da ke buɗe a ƙasa. Fari ne.

Khamisu ya kawo ruwa a buta ya zuba masa, ya wanke fuskar. Da idon dama ya daina zafi, Tahiru ya rufe na hagu ya buɗe shi. Ɗakin ya koma kamar ana kallonsa ta cikin kofin shayi. Ya sake musanyawa. Ya yi haka sau da yawa, Khamisu na tsaye da buta.

"Gwamma ta sani?"

"Ita ta fara lura. Ta ce kana karkata kai in kana zare ƙaya a tabarma, kuma ka ce mata farin mayafinta ya dafe, alhali sabo ne."

"Alhaji fa?"

"Shi bangon kawai ya gani."

"Kuka zauna kuka yanke shawara a kaina, kamar mara lafiyar da ba a gaya wa."

"Tsoro muka ji, Yaya. Mun san idon nan shi ne kai."

Tahiru ya zauna a kan tsani, matakin ƙasa. Ya kamata ya ji sanyi a ransa, ya sani. Amma abin da ya zo masa wani lissafi ne daban: alluna nawa ya rubuta a bara da bana? Mutum nawa suka karɓa suka yi godiya, suka juya suka yi dariya? Wa da wa a Tahaggart ya sani? Ya dubi Khamisu yana neman alamar jin daɗi a fuskarsa, bai samu ba, kuma rashin samun bai kwantar masa da hankali ba.

Da yamma bai yi wa Gwamma faɗa ba. Ya ce mata kawai ta nemo masa katinsa na asibiti. Ta tashi da sauri har zanenta na kama ƙafar kujera.

Likitar ido ta ce yanar ido ce, ta dama ta nuna, ta hagu ta fara. Ta ce irin wannan yanar takan sa duniya ta yi masara-masara, shuɗi ya dushe, kuma mutum ba ya ankara don a hankali take zuwa. Aka sa masa lokacin aikin idon bayan babbar salla.

Kafin nan suka ƙarasa bangon. Tahiru ya ɗaure idon dama da ƙyalle, shi ke jan layi da tsara inda haske zai faɗi, Khamisu ke haɗa launi. Ba su cika magana ba. Duk haɗin da Khamisu ya miƙo, sai Tahiru ya fita da shi rana ya duba, wani lokaci ya mayar ya ce a ƙara ja, ko da bai tabbata ana bukata ba. Khamisu ya ƙara, bai musa ba.

Bayan an yi aikin ido an cire auduga, Tahiru ya ɗauki sanda ya bi gari shi kaɗai yana duba allunansa. Wasu lafiya lau. Wasu ya gane hannun Khamisu a kansu. Na Rashidu mahauci ne ya tsayar da shi: ragon da ya zana a can ya fito shuɗi-shuɗi, cinyar naman da ke rataye gefensa kuma shunayya.

"Rashidu, gobe zan zo in sake maka allon nan."

Mahaucin ya ajiye wuƙa ya fito ya ɗaga kai.

"Me ya same shi?"

"Rago ba ya yin wannan launi."

"Malam Tahiru, ka rufa mini asiri ka bar shi. Har Larabawa yanzu cewa suke a je wurin mai shuɗin rago. In ka gyara, ɓata za su yi."

Tahiru ya daɗe yana kallon fuskarsa, ko ba'a yake yi. Rashidu ya koma ciki, ya yanko tsoka mai kyau, ya naɗe a takarda ya ce a kai wa Gwamma. Tahiru ya karɓa ya sa a hammata, ya nufi gidan Khamisu, don akwai wani aikin fenti na lekkol, makarantar yara, a garin Tazruk da aka yi masa maganarsa, kuma hanyar ta yi wa mutum ɗaya nisa.