Kwalba Uku a Kan Tabarma

Tun da soja suka karɓi mulki aka rufe gadar Gaya, duk abin da zai fito daga Malanbil, garin da ke tsallaken kogi, sai ya bi jirgin masunta. Alfari masunci ne, saboda haka da likitar matarsa ta kira shi asibiti a Yamai, bai ga wuyar aikin ba.

Matarsa Kadija na da ciwon daji a nono. Likita Safi ta zaunar da shi ta yi masa bayani a hankali. Jiki ƙananan ƙwayoyi ne masu rabuwa biyu-biyu, akwai kuma ƙwayar halitta mai ba su umarnin rabuwar. In ta yi yawa, ba sa tsayawa.

"Akwai wani ruwa da ke nemo ta a cikin tsokar da muka yanka, ya haska ta. Da shi za mu san maganin da ya dace da ita. Namu ya ƙare. Za a kawo Malanbil cikin akwatin ƙanƙara. Malam Alfari, ka kula da shi."

Ya kula. A tsakiyar kogi igiyar ruwa ta watso cikin jirgi, akwatin ya jiƙe. Da ya sauka gaɓar Gaya ya buɗe, ya ga kwalba uku ƙanana naɗe cikin takardar azurfa, rubutun jikinsu yana neman gogewa. A saninsa, abin da ya jiƙe in an bar shi a rufe ruɓewa yake, kifi ne ko shinkafa. Ya ware takardar, ya jera su kan tabarma a ranar azahar, ya zauna yana korar kaji.

Washegari ya miƙa akwatin a Yamai, ya ba da labari har da ɗan alfahari.

"Ka shanya su?" in ji likita.

"Sau biyu ma na juya su."

Ta daɗe tana kallon kwalaben. "Haske ne ke kashe shi. Laifina ne da ban faɗa maka ba. Wani sai bayan wata biyu, in an samu."

Kadija na kwance a ɗakin marasa lafiya, hannun hagunta ya kumbura fiye da satin jiya.

"Maigida, saƙon ya iso lafiya?"

"Ya iso," ya ce. "A bushe."

"Na san ka," ta ce, ta lumshe ido.