Zauren da Babu Takalma a Ƙofarsa

Sau nawa Barau ya zaga layin nan na bayan injin niƙa a Faskari, shi kansa ya daina lissafi. Ya hau, ya gangaro, ya tsaya ya gyara hula, ya sake hawa. Ga la'asar ta yi sanyi. Hanyar garinsu Mabai kuwa ba a binta bayan faɗuwar rana.

Wani malamin asibiti ne a Ƙanƙara ya yi masa kwatance. Ya ce duk Laraba akwai mutanen da ke zama a wani zaure a layin, masu neman rabuwa da giya, kowa ya faɗi damuwarsa a taimaki juna. Barau ya ji daɗin nisan wurin, don a can ba a san shi ba. A Mabai kuwa har awaki sun san inda yake kwanciya idan ta ɗebe shi.

Abin da ya taso shi ba ƙarami ba ne. Bayan girbi za a ɗaura auren Shafa'atu, 'yar yayansa marigayi, yarinyar da ta girma a hannunsa. Shi ne babban ƙanin mahaifinta, shi ya kamata ya zama waliyyi. Amma Hajiya Saudatu, babbar yayarsu, ta zaunar da shi ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye:

"Ba ni bari ka zauna gaban liman kana wari. Yahya za a ba waliccin. Rantsuwarka kuma na ƙoshi da ita, sai in na ji daga bakin wasu."

Yahya ƙaninsa ne. Maganar ta yi wa Barau zafi, kuma abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Shafa'atu kuwa takalmi ta saya masa, jan fata, ta ce na ranar ɗaurin aure ne. Su ne a ƙafarsa yanzu, suna cizonsa.

Taro ba ya ɓuya a ƙasar Hausa, takalman ƙofa ke tona shi. Barau su yake ta nema, amma duk zaurukan layin ƙofarsu wayam. Da ya gaji, ya raɓi wani mai shayi.

"Malam, wani abokina ne ya aiko ni. Wai akwai inda mutane ke haɗuwa nan, masu lalurar sha."

Mai shayi ya dubi jajayen idanunsa, ya yi murmushin mugunta.

"Abokinka shi bi bayan kango, shi tahi da canji. Can ake sai da ita, sanyi gare ta yau."

Barau ya zage shi a zuci, amma ƙafarsa ta riga ta juya wajen kangon. Har ya yi nisa kafin ya tsaya. Ya dubi jan takalmin, ya ji kunya ta rufe shi, ya dawo.

A nan kuma ya hango Nata'ala, dillalin hatsi na Mabai, zaune kan buhu a bakin injin niƙa. Nata'ala mutum ne da labari ba ya kwana a cikinsa. Barau ya yi wuf ya faɗa zauren da ya fi kusa, ko sallama bai yi ba.

Mutane ne zaune kan tabarmi, manya da matasa, kowa da takalminsa a gefen cinyarsa. Wani dattijo mai furfura ya ɗaga kai.

"Sannu da zuwa. Ni ne Malam Harisu. Tun ɗazu nike ganin wucewarka, na ce bari dai ka gaji. Ciro takalminka ka zauna da su nan kusa da kai. Kowa a layin ga ya san abin da muke yi, wanda ke ciki ne ba mu so a sani. Wasu ma ta bayan gida suke shigowa."

Barau ya cire takalman, ya riƙe su a ƙirji. Daɗi ya kama shi, ga mutane irinsa, ga rufin asiri. Sai kuma maganar Hajiya ta dawo masa. Idan ya yi wata da watanni yana zuwa nan a ɓoye, bakin wa zai kai mata labari?

Bai zauna ba. Ya koma ƙofa, ya sunkuya ya jera jan takalmin a waje, daidai inda ido zai faɗa. Ya ɗago, suka haɗa ido da Nata'ala, ya ɗaga masa hannu.

"Ka san abin da kake yi kuwa?" in ji Malam Harisu. "Kahin ka kai gida garinku ya ɗauka."

"Baba, sun daɗe suna ba da labarin inda na hwaɗi," in ji Barau, yana neman gefen tabarma. "Bari yau su ba da na inda na zauna. Ɗiya gare ni da zan aurar."