Baitin Tela

Tela ya sake soke layin da alli, ya ture takardar gefen keken ɗinki. Kwana huɗu ke nan yana fama da baiti ɗaya, ga wandunan mutane jibge ko taɓa su bai yi ba.

Gobe da safe za a yi wa matarsa aikin zuciya. Ranar da aka kwantar da ita asibiti ta ce masa, tana dariya, shekara arba'in da aurensu bai taɓa gaya mata magana mai daɗi ba, sai dai ya ɗinka mata riga ya ajiye a bakin gado. Dariyar ce ta tsaya masa a rai.

Babbar 'yarsu malamar makaranta ce, ita ya roƙa ta koya masa waƙa. Ta nuna masa yadda ake ƙirga gaɓoɓi da yatsu, da yadda ƙarshen kowane ɗango zai amsa wa ɗan'uwansa. Ta ce ya daina aro manyan kalmomin da yake ji a rediyo, ya rubuta abin da hannunsa ya sani. Da farko ya ji haushi, don ya sha wahala kafin ya samo "zinariya" da "tauraruwa". Daga baya ya zubar da su.

Da la'asar shi da 'yar suka shiga ɗakin marasa lafiya. Matar tana kishingiɗe, an ɗaura mata ruwa a hannu. Tela ya yi ta tambayar jiki da abinci, har 'yar ta zungure shi da gwiwar hannu. Ya ciro takardar, ya gyara tabarau, ya karanta da muryar da ko shi bai gane ta ba:

"Ni allura ce, ke ce zare,
Duk inda na bi, muna tare,
Kar ki bar min ɗinki a ware."

Tsohuwar da ke gadon kusa ta juya fuskarta bango. Matar Tela ta kalli silin, sannan ta goge ido da bakin mayafi.

"Malam, na ukun nan yana ɗingishi," in ji ta. "Ka je ka gyara. Gobe in an fito da ni ka karanta min."

A baranda 'yar ta karɓi takardar, ta ƙirga da yatsu sau biyu.

"Baba, tara-tara ne duka. Ɗangon nan lafiyarsa ƙalau."

"Na sani," ya ce.

Ya zauna a kan bencin masu jinya, ya shimfiɗa takardar a cinyarsa, ya miƙa mata hannu.

"Ara min biro. Mamanki ta ce a gyara."