Wayfai a Cikin Kabad

Mijin Yayata, wanda muke kira Injiniya ko da yake ƙwan fitila bai iya canzawa ba, ya sayo na'urar wayfai ya ɗora kan talabijin. Daga ranar muka shiga uku da lacca. Duk baƙon da ya zauna sai ya sha tarihi: wai da can kwamfuta ɗaya ɗaki guda take cikawa, wai masana suka haɗa su da waya don kowa ya amfana da abin da ke wurin ɗan'uwansa. In ya zo kan "amfana" har lumshe ido yake yi.

Amma da telar da shagonta ke jikin katangarsu ta roƙi lambar sirri za ta tura hoton ɗinki, cewa ya yi ba rijiyar unguwa ya haƙa ba. Matar ta haɗiye, ta je ta sa nata wayfan a shago.

Bai huce ba. Wai sabis na tsiyaya ta bango. Ya ɗauki na'urar ya jefa a kabad ɗin ƙarfe, ya datse, makulli a aljihu. Sabis ya koma kamar numfashin mai asma, shi kuwa gogan kamfani yake zagi. Data ma ya hana a saya, ai gidansa akwai wayfai.

Ranar da aka shiga da 'yarsu ɗakin tiyatar haihuwa a ƙasar da take aure, yana ofis. Ni da Yaya muna falo, kiran bidiyo na shigowa yana yankewa. Ta kira shi kan makullin kabad, ya ce ta yi haƙuri ya taso. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba.

Yaya ta fita ko takalmi babu, ta faɗa shagon tela. Matar ba ta tambayi komai ba, ta karɓi wayar ta sa mata lambar sirrin wayfanta. A tsakanin ƙyallaye Yaya ta ga 'yarta da rai, da jaririya a gefenta, ta durƙusa tana kuka.

Da yamma Injiniya ya dawo ya buɗe kabad, ya tarar zafi ya kashe na'urar. Ya ce a nuna masa jikarsa.

Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tana shagon tela. Je ka yi sallama."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, makullin na hannunsa.