Kwalbar Rijiyar Tsoho

Issoufou ya sauke sandar daga kafaɗarsa a ƙofar wani gidan haya a unguwar Misfala ta Makka, garwayen biyu suka bugi ƙasa, ruwa ya fantsal masa a ƙafa. Tun asuba yake hawa benayen alhazai da ruwa, kafaɗar ta mutu har ya daina jin ta. A nan Alhaji Hashimu ya same shi. Mutumin ƙauyensu ne can gabashin Nijar, ya gama aikin hajji yana ta cigiyarsa bai dace ba sai yau, ga shi motarsu za ta tashi zuwa Jidda bayan la'asar.

Ba su gama gaisawa ba Hashimu ya kwance wani tsumma, ya fito da ƙaramar kwalba. Wani baƙin abu ne a ciki, mai kauri.

Ya ce tun da Nasara suka ratsa ta wajensu da manyan motoci suna neman mai, rijiyar da Tsoho mahaifin Issoufou ya haƙa ta fara tara wannan abu a kan ruwa. Raƙuma sun ƙi sha. Yara suna ta ciwon ciki. Rabin gari na son a tashi zuwa wani kwari mai ruwa, amma Tijjani, yayan Issoufou, ya kafe: arziki ne irin na Makka ya zo, wanda ya tashi ya bar wa baƙi. Da gardama ta yi tsawo aka yarda a kwalfo abin a aiko wa Issoufou, shi da ya daɗe a ƙasar mai.

"Yayanka ya rantse a gaban liman," in ji Hashimu. "In ka ce mai ne, a zauna. In ka ce ba shi ba ne, a tashi."

Issoufou ya juya kwalbar a hannunsa. A ƙauye ana zaton mai a Makka a kwata yake gudu. Shi kuwa iyakar saninsa da mai garwar kananzir, wadda yake saye wayam, ya goge da toka har warin ya fita, ya ɗebi ruwa da ita. Ya so ya faɗi haka, amma Alhajin yana kallonsa kamar mai kallon likita.

Ya bar garwayen, ya tafi tasha wajen Dawuda, direban da ya zo ta Cadi. Dawuda ya sansana, ya shafa a yatsa, ya ce yana kama da baƙin man inji, yana kuma kama da wani abu daban. "Ni fa, ɗan'uwa, a famfo nake ganinsa. Ka taɓa ganin na haƙa rijiya?" Balaraben da ke sayar da kananzir ya yi dariya, ya ce mai yana can gabas bakin wani teku, shi ma bai taɓa zuwa ba, a kai ofis a gwada. Issoufou ya yi godiya. Mutumin da ba shi da takardar zama ba ya kai kansa ofis.

Rana ta take lokacin da ya ɗauko sandarsa da garwayen ya koma ɗakinsu. Matarsa Zali ta ji labarin tana tsince shinkafa. Ta tambayi yaran wa da wa ke ciwon, ya faɗa mata, har da jikokin Tijjani. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Daga wani bene ana ta ƙwala kira, moya, moya, ruwa ke nan da Larabci, kiran da yake ji kullum tun da ya zo garin nan.

Ya juye baƙin abun a wani tsohon gwangwani, ya wanke kwalbar da toka kamar yadda yake wa garwa, ya cika ta da zamzam ɗin da ke tulunsu.

A tasha Hashimu ya riga ya hau mota, ya sunkuyo.

"Ka ce wa Yaya ba mai ba ne," in ji Issoufou. "Na nuna wa masu sani. Su tashi kafin bazara."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Wannan kuma a ba yaran."

Hashimu ya karɓa, fuskarsa ta ɗan faɗi. Ashe shi ma yana cikin masu son a zauna.

Da Issoufou ya dawo ya tarar da Zali tsugune a gaban gwangwanin. Ta tsoma ƙyalle a ciki ta ƙyasta ashana, abin kuwa ya kama, yana ci da jar wuta da baƙin hayaƙi. Suka zuba masa ido su biyu.

"Ga shi yana ci," ta ce a hankali.

"Na gani."

"Motar ta tashi?"

Bai sani ba. Wataƙila tana nan ana ɗaure kaya, tashar kuma ba nisa. Ya tsaya yana kallon wutar, har aka sake kiran ruwa daga benen nan. Sai ya kifa murfin tukunya a kan gwangwanin, ya ɗauki sandarsa ya gyara mata zama a kafaɗa.