Gwajin Bindigar Dogo

Tun da Dogo ya shigo shagon hankalinsa bai kwanta ba. Surukinsa, tsohon maƙerin bindiga, yana ta lalube a kan tebur yana neman magagari, alhali ga shi nan a gabansa kusa da gwangwanin mai. Sai da yatsunsa suka ci karo da shi sannan ya ɗauka, ya yi gyaran murya kamar ba abin da ya faru.

Kunamar bindigar farautar Dogo ce ta yi tauri, shi ya sa ya kawo ta makon jiya. Matarsa ce ta matsa, wai ina shi ina kai wa bare aiki ga ubanta a raye.

“Na goge ta, ta yi laushi kamar auduga,” in ji tsohon. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko harsashi guda.

Gaban Dogo ya faɗi, don duk maharban yankin sun san yadda tsohon nan ke gwajinsa. In ya gyara bindiga sai ya ɗura mata harsashi, ya ɗana, ya doka gindinta a ƙasa sau uku a gaban mai ita, don a ga ba ta tashi da kanta. Shekara arba'in yana wannan bajinta. Ga shi gajere, in ya tsayar da bindiga bakinta daidai haɓarsa yake tsayawa.

Ta yaya mutum zai ce wa surukinsa bai yarda da aikinsa ba? Dogo, wanda ko ido bai taɓa haɗawa da shi ba, ya matso gabansa. Ya durƙusa.

“Baba, da an fara gwada ta babu harsashi.”

Tsohon ya juyo a hankali. “Me ka ce?”

“Cewa na yi... ko sau ɗaya ne.”

“Kai, kana rarrafe nake haɗa bindiga. Yau ƙwai ne zai koya wa kaza wayo?”

“Wane ni, Baba. Alfarma nake nema.”

Harsashin na hannun tsohon, babban yatsansa na shafa shi. Dogo ya miƙa hannu biyu, kansa a ƙasa, ya ƙi saukewa. Kunya kamar ta kashe shi, amma tsoron ya fi kunyar.

“Ungo. Gwada ka ji kunya.”

Dogo ya karɓi bindigar, ya leƙa cikinta ya tabbatar wayam take. Ya ɗana, ya sa makullin da ke hana ta tashi, ya ja kunama: shiru. Ya cire makullin: shiru. Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

“To, malamin gwaji, ka gamsu?”

“Saura ɗaya, Baba.”

Ya ninke buhu a ƙasa, ya karkata bakin bindigar zuwa rufi, ya doka gindinta. Ba komai. Ya sake. Ba komai. Har ya fara shirya kalmomin ban haƙuri a ransa, ya doka na uku.

Ƙas!

Ba wanda ya taɓa kunama. Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinke ba, amma duk su biyun sun san abin da take nufi. Tsohon ya kai hannu ya taɓa ƙasan haɓarsa.

Dogo ya rasa inda zai sa idonsa. Tausayi ya kama shi, har ya gwammace a ce shi ne ya ji kunyar.

“Ƙarfen ne ya tsufa, Baba, ba...”

“Bar shi. Ni na ci shi da magagari fiye da kima, ban gani ba.”

Tsohon ya ajiye harsashin a tafin Dogo ya naɗe masa yatsu a kai. Sannan ya zaro makullan shagon daga aljihu.

“Rufe mana. Ramin kwaɗon nan ma, tun bara da lalube nake samunsa.”